Ranar da Inna ta ɗaura wa matar dutse zane

Shekarun baya masu yawa, tun tutar Faransa na bisa sanda a ƙofar kumandan na Filinge, wani abu ya faru tsakanina da mahaifiyata a kan wani littafi. Na daɗe ban ba kowa labarin ba. Shekaranjiya ne jikata mai karatun zanen gine-gine ta nuna mini hoton wani tsohon gini a wayarta, tana so ta gwada ni, ta ce, "Kaka, kin san wannan?" Na gyara tabarau na ce, "Ginshiƙin Iyonik ne, ba ki ga ƙahon ragonsa ba?" Yarinya ta saki baki. A zatonta tsohuwar da ta sani da tasbaha da tukunyar miya ba ta san komai ba sai su. Da na gaya mata inda na samo ƙahon ragon, sai ta ce lalle in rubuta muku. To, ga shi.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Wanda ya san ƙasarmu Kurfai ta wancan zamani ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yabonsa, ba ta nuna tana sonsa a gaban mutane, kara ta hana. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Ke" take ce mini, in kuma tana cikin nishaɗi ta ce "'yar lakwal," wato 'yar makarantar boko. Ƙannena kuwa tana rungumarsu tana yi musu wasa. Ba zan ɓoye muku ba, na girma ina ganin kamar ni ce ba a so.

Mahaifina ya rasu ina ƙarama, yayansa ne ya riƙe gidanmu. Baffa muke ce masa. Malami ne mai sanyin hali, ba ya tsawa, amma in ya yanke magana ta yanku. Bai taɓa son lakwal ba. Dole aka yi wa gari a ba da yara, ƙuri'a ta faɗo kaina, ya sa mini albarka da fuska ba walwala. Allah ya sa kaina ya ɗauki karatu, har na wuce zuwa makarantar 'yan mata ta gaba a Yamai. A lokacin 'yan matan ƙasarmu da suka kai nan ba su da yawa.

A shekarata ta biyu a can na haɗu da darasin da ya kusa maido ni gida. Darasin tarihi ne, kuma a wannan shekarar ya ƙunshi gine-gine da sassaƙe-sassaƙen Turawan da: Girkawa, Rumawa, Bizans, da manyan majami'un da suka biyo baya. Ni da ban taɓa ganin bene ba sai da na je Yamai, aka ce in bambanta ginshiƙin wani gari da na wani gari a bayan teku. Na haddace sunaye kamar aku, ranar jarrabawa suka cakuɗe mini, na faɗi mummunar faɗuwa.

Malamarmu Bafaranshiya ce, doguwa siririya, ba ta dariya. Madam muke kiranta. Ranar da za mu tafi babban hutu ta kira ni, ta ce in mun dawo za ta sake tambayata ni kaɗai. In na ci, in zauna. In na sake faɗuwa, a ba wata gurbina. Sannan ta buɗe akwatin teburinta ta ɗauko wani littafi mai kauri, mai jan bango. Ta ce ba na makaranta ba ne, na mahaifinta ne, kuma ya rasu. Cike yake da hotuna a kan takarda mai ƙarfi, kowane hoto da shafinsa. Ta ce, "Ki dawo mini da shi yadda na ba ki. Ko tabo ɗaya ban yarda ba." Na naɗe shi cikin ɗankwali biyu, na sa shi a ƙirjina tun daga Yamai har gida.

Damina ce, kowa na gona. Sai bayan la'asar nake samun zama a ƙarƙashin rumfar Inna in buɗe littafin. Ita kuma lokacin ne take gyaran ƙwarya. Inna na da hannu a wannan aiki. Matan unguwa na kawo mata fasassun ƙorai, ta huda da tsinke ta ɗinke, har a zuba nono bai ɗiga ba. Tana aikinta ina nawa. Ni ina ta maimaita, "Dorik, Iyonik, Korantiyan," kamar mai jan tasbaha, ba abin da ke zama.

Rannan ta gaji da ji, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Ke, wanga abu da kike kira tun shekaranjiya, mutane ne ko aljannu?"

Na ce, "Ginshiƙai ne, Inna."

"Kawo in gani."

Na matsa kusa, na nuna mata haikalin Girkawa, ginshiƙai jere, an gitta duwatsu a kansu. Ta duba, ta ɗaga kai ta dubi rumfar da muke ciki, ta ce, "To ai rumhwa ce. Dirka tsaye, itace kwance. Su dai dutse sunka samu." Na nuna mata ginshiƙan guda uku. Na farko, mai kauri marar ado, ta ce taɓarya ce aka kifa wa akushi. Na biyu, mai naɗi biyu a kai, ta ce, "Wanga rago ne, ga ƙahoninshi." Na uku, mai ganye, ta ce mace ce ta ɗauko kwandon rama daga gona. Na yi dariya har na riƙe ciki. Amma da gari ya waye na farka da su a kaina daram: taɓarya Dorik, rago Iyonik, kwandon rama Korantiyan.

Daga ranar muka zama 'yan aji ɗaya. Na nuna mata bakan Rumawa, yadda suke jera duwatsu su lanƙwaso har su haɗu a sama, na tsakiya ya danne sauran, kowane ya riƙe ɗan'uwansa. Ta daɗe a kan wannan, ta ce mai hankali ne ya fara shi. Ƙubbarsu kuwa ƙwarya ce aka kife. Da muka zo kan hotunan Bizans, waɗanda ake haɗawa da ƙananan gutsattsarin dutse da gilashi masu ruwan zinariya, ta ce, "Waɗanga 'yan sana'ata ne, masu haɗa fasasshe." Salon da ake kira Roman, mai katanga mai kauri da 'yan tagogi ƙanana da baka mai zagaye, ta ce masu shi tsoro gare su, sun yi gini kamar ana biye da su. Shi kuwa Gotik, dogo mai tsinin baka da manyan tagogin gilashi, da tokarai da aka yi masa daga waje don kada katanga ta buɗe, ta kalle shi ta kalli tsohon rumbunmu da aka tokare da gwafa uku, ta ce, "Ashe har can ana tokara."

Ban taɓa zama da Inna kusa haka ba. Kafaɗarta na taɓa tawa. Ina jin ƙamshin man shanun da ke kanta.

Sai dai akwai abin da na ɓoye mata. A tsakiyar littafin akwai shafuka wajen goma na mutum-mutumin dutse da Girkawa suka sassaƙa, maza da mata, kuma mafi yawansu ba ko bante. Ni kaina ranar da na fara ganinsu sai da na rufe littafin na yi istigfari. Na samo siririn kaba na ɗaure shafukan wuri ɗaya, in mun zo nan in tsallake.

Saura kwana tara mu koma, da hantsi, na bar littafin bisa turmi na shiga ɗauko ruwa. Wata akuyarmu mai shegen ƙiriniya ta ture shi ƙasa. Daidai lokacin Baffa ya yi sallama ya shigo. Shi kuwa mutum ne da ba ya wuce takarda mai rubutu a ƙasa, ko ta Nasara ce, sai ya ɗauka ya kaɗe, don yana cewa ba ka san ko akwai sunan Allah a ciki ba. Ya duƙa ya ɗauka. Kaban ya riga ya tsinke. Littafi ya buɗe a kan wani ƙaton namiji da ya sunkuya zai jefa faifai, tsirara haihuwar uwarsa.

Na fito da ƙwarya a hannu na same shi tsaye. Bai yi tsawa ba. Da ya yi tsawa da ya fi mini sauƙi. Ya rufe littafin a hankali, ya ce, "Ɗiyata, wanga shi ne karatun?"

Na durƙusa a gabansa.

Ya ce, "Kakanninmu da kyar sunka bar yanka wa dutse. Har yau ga maƙwabtanmu nan masu yi, muna zaman lafiya da su, amma mu mun bari. Ashe ni da hannuna na kai ɗiyar ƙanena inda za a koya mata kallon gumaka, kuma tsirara." Ya juya wajen ɗakin Inna, ya ce, "Ga shi nan, ki aje. Ran Juma'a bayan an sauko zan zo in duba shi tun daga farko har ƙarshe. In abin da na gani shi ne cikinshi, ba ta shiga motar Yamai." Ya ɗora shi a bakin ƙofa ya fita.

Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Littafin ma ban san inda Inna ta sa shi ba. Ranar Alhamis da safe ta ɗora mini ƙwaryar fura ta ce in kai wa masu aiki gona, in tsaya in taya su tsinkar wake, kada in dawo sai rana ta yi sanyi. Gonar da nisa, can gindin tsauni. Na tafi ina kuka ina tafiya.

Da na dawo na same ta a rumfa, littafin a cinyarta, allura a hannunta, ƙananan ƙyallaye warwatse a tabarma. Na karɓa na buɗe tsakiya. Jama'a, mai jefa faifai ya samu wando. Baƙin saƙi ne mai ratsin fari, an yanka shi daidai ƙugunsa, an ɗinke a jikin takardar da ƙananan ɗinki. Na buɗe na gaba, saurayi mai tsaye ya samu riga har gwiwa. Na gaba ma haka. Shafi goma, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Kowane shafi allura ta ratsa shi.

Na ce, "Inna! Mi kinka yi?"

Ta ce, hankalinta kwance, "Na suturta su. Daga bisa kawai na kama, duba, kamar labule. In malamarku na son ganin abinta sai ta ɗaga."

Na kai shafi na ƙarshe. Wata mace ce ta dutse, kyakkyawa, hannayenta duka biyu sun karye tun da daɗewa, zane ya zamo mata har ƙugu. Ita Inna ba labule ta yi mata ba. Zane sosai ta ɗaura mata tun daga ƙirji, ta yi masa kalmasa, ta kuma yafa mata ɗan mayafi a kafaɗa ya rufe inda hannayen suka gutsure.

Inna ta sa yatsa a kanta, ta ce, "Wagga ta fi ba ni tausai. Zanenta na zamewa, kuma ba ta da hannun kamawa. In bar ta hakanan gaban maza?"

Ni kuwa ba abin da nake gani sai hudojin allura da fuskar Madam. Ko tabo ɗaya ban yarda ba. Sai na ji bakina ya ce, "Dutse ne, Inna! Dutse! Kin kashe ni. Wanga jahilci ne!"

Har yau in na tuna wannan kalma sai na ji kamar in tona ƙasa in shige. Shekara biyu a Yamai, da ɗan Faransancin da bai kai cikin cokali ba, na dubi matar da ta koya mini Dorik da Gotik na kira ta jahila. Ta soke allurar a ɗankwalinta, ta tattara ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce, "Hurarki na cikin ƙwarya." Ta shige.

Ranar Juma'a Baffa ya zo kamar yadda ya ce. Aka shimfiɗa masa buzu a rumfa. Ni na durƙusa gefe, Inna na bayan zana, don ba ta zama gaban yayan mijinta. Ya yi bisimilla ya fara daga shafin farko, yana lasar yatsa yana buɗewa. Da ya kai tsakiya ya tsaya. Ya kai littafin kusa da ido, ya nisanta shi, ya sake kawowa.

Ya ce, "Wanga na gane shi. Rannan ba shi da wando."

Daga bayan zana Inna ta ce, "Ya samu, Malam."

Baffa ya yi tari, ya ja gefen rawaninsa ya rufe baki. Na ga kafaɗunsa na motsi. Bai ɗaga ko ƙyalle ɗaya ba. Da ya natsu ya dube ni ya ce, "Kuna yi musu sujada?"

"A'a, Baffa."

"Kuna yi musu yanka?"

"A'a, Baffa. Masu bauta musu sun shuɗe tun da daɗewa. Su Nasaran ma kallo kawai suke yi."

"To mi amfaninsu gare ki?"

Sai na ce ana so mu san yadda mutanen da suka zauna, da yadda suka yi gini, da wanda ya koya daga wani. Na matsa na buɗe masa haikalin Girkawa, na gaya masa rumfa ce ta dutse. Na nuna masa taɓarya da rago da kwandon rama. Na nuna masa bakan Rumawa da dutsen tsakiya mai riƙe 'yan'uwansa. Maganar Inna ce duka nake maimaitawa, tana ji daga bayan zana, ni kuwa kunya kamar ta kashe ni. Ya koma kan haikalin, ginshiƙai tsaye ba rufi, ciyawa ta fito tsakaninsu.

Ya ce, "Ina masu shi?"

"Sun mutu, Baffa."

"Rufin ma ya tahi." Ya daɗe yana kallo. "Allah mai iko. Duk wanga dutse, kuma ba wanda ya saura ya kwana ciki."

Na buɗe masa babbar ƙubbar Bizans, na ce majami'a ce aka gina, daga baya ta zama masallaci, ga hasumiyoyi nan an ƙara mata. Ya ce in bar masa nan tukuna. Ya ƙirga hasumiyoyin da yatsa, ya yi salati.

Na zaci an gama. Sai ya koma tsakiya, kan matar nan marar hannu. Wannan karon ba hoton yake kallo ba, ƙyallen yake murzawa tsakanin yatsunsa. Fuskarsa ta canza. Ya ce, ba tare da ya juya ba, "Wanga saƙi na san shi."

Ya ƙara murza ƙyallen, ya ci gaba.

"Ni na ɗauko shi bisa kaina cikin kayan aurenki, daga kasuwar Bonkuku. Ƙanena ya zaɓe shi da kanshi." Ya juya wajen zana. "Shi kinka yanka?"

Can ƙasa-ƙasa Inna ta ce, "Shi ɗai ne mai laushin da ba ya yaga takarda."

Sai a lokacin na gane zanen. Shi ne wanda ke ƙasan tukunyar kayanta, wanda ba ta ɗaurawa ko da salla, sai dai ta fito da shi ta shanya ta mayar. Abin da ya rage mata na mahaifina ke nan.

Baffa ya rufe littafin ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Ki tahi lakwal ɗinki. Uwar da ta yanka wanga zane saboda ke, ba ni ne zan tare miki hanya ba. Ki riƙe sallarki." Ya sa takalmansa ya fita yana share ido da hannun riga.

Na tsallake Baffa, saura Madam. Kuma ban ba Inna haƙuri ba. Girman kai da kunya suka haɗu suka toshe mini baki. Ranar tafiya ta ɗaura mini ƙullin ƙuli-ƙuli da garin fura, ta ce, "Ki faɗa mata gaskiya, ki ce ni ce." Na karɓi ƙullin na wuce.

A bayan babbar mota, bisa buhunan gero, na yanke shawarar warware ɗinkin duka kafin mu kai. Da muka tsaya Bonkuku na samu ƙaya na fara da mai jefa faifai. Na cire masa wandon tsaf. Sai ga hudoji jere a ƙugunsa kamar an yi masa tsaga, sun fi fitowa fili fiye da da. Na buɗe shafin matar nan, na sa ƙaya a bakin mayafinta, sai na ga ƙanƙantar ɗinkin. Inna da idonta ya fara rauni, yini guda ta yi a sunkuye tana yi wa dutse kalmasa. Hannuna ya ƙi. Na rufe littafin, na ƙulle ɗan wandon a bakin zanena. Daga nan har Baleyara kuka nake, wata tsohuwa Bazabarma da ke kusa da ni tana ta ba ni goro tana zaton mutuwa aka yi mini.

Washegarin isarmu na kai wa Madam littafinta a ofis. Na ajiye a tebur na ja da baya. Ta ga ya kumbura a tsakiya, ta buɗe nan. Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta bi hudojin mai jefa faifai da yatsa, ta ce, "Littafin mahaifina." Ta buɗe na gaba, da na gaba. "Wa ya yi wannan?"

Na ce mahaifiyata ce. A raina na riga na naɗe tabarmata. Tun da ba abin da ya rage, sai na gaya mata duka: akuya, da Baffa, da Juma'a, da zanen aure. Da ta kai shafin ƙarshe ta tambaye ni me ya sa wannan ta bambanta da sauran. Na fassara mata maganar Inna yadda ta faɗe ta, cewa zanenta na zamewa kuma ba ta da hannun kamawa.

Madam ta tashi ta je bakin taga ta ba ni baya. Ta daɗe a nan. Da ta dawo ta zauna, ta ce da muryarta ta kullum, "Jarrabawa. Yanzu."

Ta rinƙa buɗe shafi tana rufe rubutun ƙasa da tafin hannu. Na ce Dorik. Na ce bakan Rumawa. Na ce Bizans. Da ta nuna Iyonik, bakina ya riga ni, na ce mai ƙahon rago. Ta ɗaga gira. Da ta nuna Gotik ta ce in bayyana amfanin ginin da ke jingine da katanga daga waje, na ce kamar tsohon rumbu ne da aka tokare da gwafa, nauyin rufi na tura katanga waje, tokara na mayar da ita. Ta ce, "Wa ya koya miki haka?" Na ce wadda ta yi ɗinkin. Ban kuskure ko ɗaya ba.

Ta rufe littafin a hankali don kada ƙyallayen su naɗe. Ta ce, "A ƙasarmu ma an yi zamanin da manyan masu addini suka sa aka liƙa wa irin waɗannan ganye. Amma ban taɓa jin wanda ya tuna da hannayenta ba." Ta mayar da shi akwatin tebur ta kulle. "Koma aji."

Ban sake ganin littafin ba. Da aka sauke tutarsu ta koma ƙasarsu da shi, kuma wata 'yar ajinmu da ta taya ta haɗa kaya ta ce mini ƙyallayen na nan yadda suke.

Wata tara na yi ina juya kalmar nan a raina kafin hutu ya sake zagayowa. Ina sauka daga mota ban ko sha ruwa ba na wuce rumfa. Inna na zaune da fasasshiyar ƙwarya a cinya. Na durƙusa na kama ƙafarta na ce ta yafe mini abin da na faɗa. Ta janye ƙafar, ta ce, "Tashi, ke, mutane na gani." Ta ci gaba da huda ƙwaryarta. Can ta ce, ba ta dube ni ba, "Ita wagga marar hannu, an bar mata zanenta?"

Na ce, "An bar mata, Inna."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ta turo mini ƙwaryar fura da gefen hannu.

Na gama makaranta, na yi aure, na zauna gida na reni 'ya'yana, ban zama wata babba ba. Amma duk wasiƙar da na karanta wa maƙwabta, duk takardar asibitin da na fassara wa wata, duk karatun da na zauna na yi da 'ya'yana da jikokina, daga wannan yinin Alhamis suka fito. Na yi shekaru ina jiran Inna ta kira sunana sau ɗaya in san tana sona. Har ta koma ga Allah ba ta kira ba. Ni ce ban iya karatu ba a lokacin. Ta rubuta mini shi da allura a shafi goma, na duba na ce jahilci ne.

Ɗan wandon nan na mai jefa faifai yana nan cikin jakar tasbahata. Bai kai tafin hannun jariri ba, baƙin ya koɗe ya koma toka-toka. Shekaranjiya na fito da shi na nuna wa jikata, ta juya shi ta ce, "Kaka, wannan ɗan tsumman fa?" Na ce ta riƙe shi da kyau, zanen auren kakar uwarta ne.

Wanda uwarsa ke raye a cikinku, ya duba abin da hannunta ke yi masa, kada ya tsaya jiran bakinta. Allah ya jiƙan Inna da Baffa, ya suturta su kamar yadda ta suturta wadda ba ta da hannun kamawa.